Ranar da Hanyoyin Taranga Suka Tsinke

A Duwatsun Taranga ɗaure hanya ake yi kamar akuya, in an kwance ta sai ta kama gabanta. Ni ban san haka ba sai ranar da na kwance guda biyar da hannuna, kuma har yau in ina ba da labarin sai in ji kamar na tsallake wani wuri, don ni kaina ban gama gane yadda aka yi ba.

Sunana Shekarau. Shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin duba-gari kafin in yi ritaya, aikin kuwa ya bar mini ciwo guda: ba na iya ganin shara in wuce. Da likita ya ce ni da yayata Tasalla mu riƙa tattaki saboda hawan jini, sai na ɗauki abin da zafi. Na sayi jakar goyo mai aljihu goma sha ɗaya, na cika ta da kamfas mai allurar nuna arewa, da taswira, da igiya, da tocila, da usur, da rigar ruwa, da akwatin taimakon gaggawa, har da wani littafi na dokokin hawan dutse da na haddace tas. Yaya Tasalla kuwa gorar ruwa kawai take ratayawa, sai ƙullin gyaɗa a bakin zane. Ta girme ni da shekara tara, ita ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, shi ya sa har gobe kallon yaro take yi mini duk da furfurar da ta cinye mini kai.

Wata Asabar a tsakiyar damina muka hau Taranga mu biyu. Duk dokokin littafin nan na kiyaye su ban da ta farko: ban gaya wa kowa inda za mu ba.

Muna hawa na fara ganin abin da ya ɓata mini rai. Duk inda hanya ta rabu biyu, sai ka ga wani jan tsumma a ɗaure jikin reshe, ya koɗe, ya yi dauɗa. Na zaro ledar sharata, na kwance na farko na jefa a ciki.

Yaya ta ce, "Shekarau, bar abin da ka tarar a ɗaure. Wanda ya ɗaura ai ba mahaukaci ba ne."

Na ce, "Yaya, shara dai shara ce, ko a daji ko a gari."

Ta taɓe baki ta wuce. Kafin hantsi ya ɗaga na kwance biyar, ina ta jin daɗin kaina.

A wani kwazazzabo mai zurfi abin ya same mu. Busasshen rafi ne tsakanin bangon dutse biyu, muna gangarawa cikinsa santsi ya ɗebe Yaya, ta faɗi a kan ƙafarta ta hagu. Na ji ƙarar ƙashin da kunnena. Na samo itace biyu na ɗora mata, bandejina ya ƙare bai riƙe su ba, sai kawai ta zura hannu a ledar sharata ta zaro tsumma guda ta ɗaure idon sawun tamau. Na fara yi mata bayanin ƙwayoyin cuta, ta harare ni, na haɗiye sauran.

Sannan na ɗaga kai. Hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin, daidai kan dutsen da rafin ke saukowa. A jikin itatuwan gefen kwazazzabon akwai busasshiyar ciyawa da ruwan baya ya maƙale, kuma ta wuce tsayin kaina. Waya babu sabis.

Yaya ma ta gani. Ta ce, "Ajiye jakar nan ka goya ni mu hau gaɓa."

Na ce littafi ya hana a motsa mai karaya, gara in ruga ƙauyen Rafin Kanya da ke gindin dutse in kirawo majiya ƙarfi. Haka na faɗa mata. Gaskiyar kuwa tsoro nake ji, tsoron bayana ya gaza mu faɗo tare, kuma ina ƙyashin yar da jakar nan a daji. Na lulluɓa mata rigar ruwa, na rataya mata usur, na ce in ta ga ruwa ta busa sau uku, ta huta, ta sake uku. Kallona kawai ta yi har na haye gaɓar.

Ban yi nisa ba hanyar da nake kai ta motsa. Na tsaya. Ta sake motsawa, ta zame daga ƙarƙashin takalmina, ta ɗaga kanta sama, ta yi miƙa, ta sulale cikin ciyawa ta bar ni tsaye a kan ƙaya. Na juya in koma wajen Yaya, babu kwazazzabon, sai wani fili fetal da ban taɓa gani ba. Na zaro kamfas, allurar ta yi ta juyi, ta tsaya tana nuna ledar sharata. Na matsar da ledar dama, ta bi ta. Na yi salati, na zauna, na tashi, na sake zama.

"Aminci gare ka, ya mai kwance abin da bai ɗaura ba."

Wata doguwar mata ce zaune a kan dutse, riƙe da sandar kiwo, kitsonta na ɗanyar ciyawa. Da ta miƙe ta nufo ni sai na lura sawunta yana riga ta sauka a ƙasa, ita kuma tana biyo shi tana takawa.

Na durƙusa na ce, "Ranki ya daɗe, baƙo ne ni, na yi ɓatan kai."

Ta ce, "Kanka yana nan inda ka san shi. Hanyoyi ne suka ɓace, kai ka sake su. Ni ce Uwar Turke, tun kafin a sa wa dutsen nan suna nake kiwon su. Biyar ka kwance. Fito da abin ɗaurinsu."

Na zazzage ledar. Huɗu. Na sake ƙirgawa, na juya ledar, na lalube aljihu goma sha ɗaya, huɗu dai. Kaina ya ɗaure, don na tabbata biyar na kwance.

Na ce, "Ranki ya daɗe, yayata tana kwance cikin kwazazzabo da karaya, ga hadari. Ki taimake ni in kai gare ta, daga baya in zo in yi duk abin da kika ce."

Ta ce, "Da wace hanya za ka kai? Ruwa ya riga ya sauka a kan dutse, yana tafe. Na roƙe shi ya yi tafiyar tsofaffi, ya amsa mini, amma ruwa ba ya daɗewa a kan alkawari. Je ka kamo huɗun nan. Ka riƙe kowace a inda ta fi siranta, nan ne wuyanta, ka ɗaura tsumma a reshe mafi kusa, ka faɗa mata inda take zuwa. In ka yi kuskure, mutanen gari guda za su wayi gari rijiyarsu tana kan tsauni."

Biyun farko ba su ba ni wahala ba, tsofaffi ne. A inuwar wani gamji na same su kwance suna tuƙa. Sai dai ban san wace ce wace ba, kamanninsu ɗaya. Na zagaye su sau uku ina sosa ƙeya, sannan aikina na dā ya cece ni, na sunkuya na shinshina. Ɗaya tana ƙaurin hayaƙi da gumi, na ce mata, "Ke ta mata masu itace ce." Ɗayar tana ƙamshin saƙar zuma, na ce, "Ke kuma ta masu cin zuma." Suka miƙe a kasalance, kowace ta shimfiɗe a wurinta.

Ta uku sai da na bi sawunta har cikin wata tsagar dutse da ba ta fi faɗin kafaɗata ba. Na matsa, jakata tana gugar bango, na ɓulla cikin wani gari. A garin nan mutane a zaune suke, gidaje ne ke yawo. Ɗakuna suna wucewa da ƙananan ƙafafu, rumbu yana bin rumbu, in mutum yana son shiga ɗakinsa sai ya tafa hannu ɗakin ya zo ya rufe shi. Wani zaure ya taka mini ƙafa, ya tsaya kamar zai ba ni haƙuri, ya wuce.

A bakin ƙofar garin wani ƙato yake zaune, ya naɗa hanyar da nake nema a kansa kamar rawani. Ina ganin sawun jakuna da ɓawon rake a jikin naɗin.

Na gaishe shi na ce, "Allah ya ja zamanin mai ƙofa. Abin da ke kanka hanyar kasuwa ce, an aiko ni in mayar da ita."

Ya ce, "Tsintuwa na yi, ya ɗan Adam, kuma ta yi mini kyau. Da me za ka fanshe ta?"

Na zaro taswira na shimfiɗa masa, ina ganin ai na kawo abin burgewa. Ya leƙa, idanunsa suka firfito, ya ja da baya.

Ya ce, "Wane mara imani ne ya yanka hanyoyi masu yawa haka, ya shanya fatunsu a kan takarda?"

Gidajen da ke kusa suka tsaya cak, suka juyo da ƙofofinsu wajena. Na yi maza na cusa taswirar a jaka, na rantse masa ba ni na yi ba, saya na yi. Wannan ma bai yi masa daɗi ba. Don in kawar da zancen na miƙa masa kamfas.

Ya ce, "Wannan ɗan ƙwaron me yake nunawa?"

Na ce, "Arewa, ranka ya daɗe."

"Gobe fa?"

"Arewa."

"Bai taɓa sake shawara ba?"

Na ce a garinmu dai bai taɓa ba. Ya ƙura wa allurar ido, har ƙwalla ta taru masa. Ya ce shekara ɗari bakwai yana gadin ƙofar da kullum take sake wuri, bai taɓa ganin abu mai magana ɗaya ba. Ya warware naɗin ya ba ni. Na ja ta waje tana turjewa, na ɗaure, na ce, "Ke ta kasuwa ce." Ban gaya masa cewa tun ɗazu kamfas ɗin ledar shara yake nunawa ba.

Ta huɗu ita ta kusa kashe ni. Ƙishirwa ta kai ta wani tafki da yake tsaye kamar bango, kifaye suna iyo a cikinsa sama da ƙasa. Wani masunci mara inuwa yana zaune a gindinsa, ya jefa ƙugiyarsa a kaikaice. Hanyar ta cusa kanta a ruwan tana sha.

Masuncin ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Kada ka kalli cikin ruwan nan, baƙo. Abin da ka bari a baya yake nunawa."

Ai kuwa na kalla. Can ciki na hango kwazazzabon, ƙarami, da Yaya a zaune cikin rigar ruwa, usur a bakinta. Sama da ita kaɗan wani tsoho ja, jikinsa duk laka da karmami, yana gangarowa yana dogara sanda. Ina kallo ya tsaya, ya dubi sandar, ya yar da ita, ya fara sauri.

Ban san lokacin da na warware igiyata na yi zarge na jefa wa hanyar ba. Ta fizge ni, ta ja ni a kan tsakuwa da ƙaya, ta hau wani tudu da ni ta sauko, takalmina ɗaya ya fice, tocila ta tarwatse. Na samu na naɗe igiyar jikin wata kanya, na rarrafa na cafki wuyanta, na ɗaura tsumma, na ce, "Ke ta rafi ce, don Allah ki kwanta." Ta kwanta. Ina ɗagowa na ga Uwar Turke tsaye a kaina, ban san ko ni na koma wurinta ko ita ta zo ba.

Na ce, "Ranki ya daɗe, huɗu sun kwanta. Ta biyar ban da abin ɗaure ta, ban san inda ya shiga ba. Ruwa ya yar da sandarsa."

Ta ce, "Na gani. Ta biyar ba ta tsinke ba, ya Shekarau. A ɗaure take, amma a jikin mai rai."

Sai a lokacin na tuna hannun Yaya cikin ledata. Na dafe kai.

Ta ce, "Kanta yana idon sawun yayarka, wutsiyarta ce take yawo a dutsen nan. In ka kama wutsiyar za ta kai ka. Sai dai ita ce autarsu, siririya ce, goyo ɗaya take ɗauka a bayan mai tafiya. Ban ce ka ajiye komai ba. Na dai faɗa maka halinta."

Na sauke jakar. Kafaɗuna suka yi sakayau, har na ji kunya, don tun a kwazazzabo aka ce in yi haka. Na jingine ta jikin dutse da littafin da komai a ciki.

Sai busar usur ta tashi. Daga gabas uku, daga yamma uku, daga sama uku, daga ƙarƙashin ƙafata ma uku, duk a tsare yadda na koya mata. Duwatsun ne suka ji dokata suna maimaitawa. Wani abu yana gilmawa cikin ciyawa, nan da can, ba ya tsayawa. Na ruga gabas, na dawo, na ruga yamma, na faɗi, na tashi ina juyi a wuri ɗaya da takalmi ƙafa guda. Na waiwaya in tambayi Uwar Turke, babu ita, sai sawunta da ya yi gaba.

Na rufe ido na saurara. Can ƙarƙashin duk bushe-bushen nan masu tsari akwai wata busa daban, ba uku ba, ba huɗu ba, doguwa, a fusace, ta yanke ta sake ɗaukowa ba ƙaƙƙautawa. Yaya Tasalla ba ta taɓa bin dokata ba tun da aka haife ni, kuma na san muryar faɗanta ko da ta cikin usur ce. Na yi tsalle wajen da hannu biyu, na damƙi wani abu mai ɗumi da ƙura, ya fizge ni gaba.

Na tsinci kaina cikin kwazazzabon, ruwa ja ya kawo mini idon sawu, ga wani ruri yana tahowa daga sama. Yaya ta ja jiki ta hau wani ɗan dutse, ta ɗaga karyayyar ƙafar da hannu. Ta cire usur daga baki ta dube ni, ta dubi bayana.

Ta ce, "Ina mutanen?"

Na ce, "Babu, Yaya."

"Ina jakar?"

Na juya mata baya na durƙusa cikin ruwan.

Ta ce, "Littafin ya yarda?"

Na ce, "Yana cikin jakar. Hau."

Ta hau, ta cire ɗankwalinta ta zagayo da shi ta ƙirjina ta ƙulle, irin ƙullin da ban san hannunta yana tune da shi ba. Na miƙe, bayana ya yi ƙara, gwiwoyina suka ce ba su san zancen ba. Ruwa ya kawo cinya. Na kama saiwa, na kama dutse, ita kuma tana bakin kunnena tana cewa, "Dama. A'a, damarka. Kar ka kalli ƙasa. Taka can." Ƙafata marar takalmi ta fi mai takalmin riƙe dutse. Muna kaiwa rabin gaɓar ruwan ya iso gaba ɗaya, da itatuwa da duwatsu, ya shafe inda take zaune, ya tafi da rigar ruwan da gorarta. Feshinsa ya jiƙa mu har wuya. Ban san yadda na ƙarasa ba, na dai ga ciyawa a gaban hancina.

Muka daɗe a kwance muna haki. Sannan ta ce, "Tsumman nan tun ɗazu yake jan ƙafata kamar ana fizgar igiya. Me ka je ka yi?"

Na buɗe baki in faɗa, na rasa ta inda zan fara, ko ta gidaje masu tafiya ko ta tafki a tsaye. Na ce, "Yaya, ni ma ban sani ba." Na yage hannun rigata na sake ɗaure mata ƙafar da shi, na kwance jan tsumman na ɗaura a reshen da ke kanmu, ƙulli biyu. Na ce a hankali, "Ke ta gida ce." Wata siririyar hanya ta fito daga cikin ciyawa ta kwanta a gabanmu, ta miƙe sambal har ƙasa, inda hayaƙin Rafin Kanya yake tashi.

Jakar tana can har yau. Ita ce shara ɗaya da na taɓa yarwa a rayuwata, kuma ban koma nemanta ba.

Na sake goya Yaya muka kama gangara, yayyafi yana dukanmu. Kowane taku sai na ji kamar ƙuguna zai rabu biyu, ga kunyar abin da na yi mata da safe tana cina fiye da ciwon. Da muka yi nisa na ce, "Yaya, lokacin da kike goyona, ina da nauyi?"

Ta ce, "Kamar turmi. Ga kuka, ga fitsari. Kullum har rafi da dawowa, da tulu a kaina."

Na ce, "Ba ki taɓa ajiye ni kin je kiran wani ba?"

Ta ce, "Wa zan kira, Shekarau? Ni kaɗai gare ka."

Na tsaya na gyara ta, na ƙara ɗaga ta sama, na ci gaba da tafiya. Da muka shiga ƙauyen samari suka rugo za su karɓe ta, na ce su nuna mini gidan mai ɗori kawai.